Farce Biyu na Bhabatosh Lahiri

Akwai masu cewa wai Bhabatosh Lahiri bai yi suna ba. To, su sunan da suka yi yana ina? Mutum ya shekara hamsin yana tashin unguwa guda da sautin sarod, wani irin molo mai wayoyi, kowace safiya, har matan layinsu a Srirampur, kusa da Kalkata, suka daina duba agogo kafin su ɗora ruwan shayi, sannan wani ƙato da ko tafi bai iya yi daidai ba ya miƙe ƙafa a shagon shayi yana cewa ai ba a taɓa ganinsa a talabijin ba. Wannan rainin hankali ne. Amma ita gaskiya ba a yi mata kwalliya don mai ita yana da furfura. Mutumin nan taurin kai gare shi kamar ɓawon kwakwa, kuma saura ƙiris taurin kan nan ya binne abin da aka ba shi amana.

Shekararsa goma sha shida mahaifinsa ya aike shi Metiabruz, unguwar teloli can ƙetaren kogi, ya karɓo riguna uku. Yana tsaye a shago ana naɗe masa kayan sai ya ji wani sauti daga saman bene, kamar mutum yana kuka yana dariya a numfashi ɗaya. Ya hau matakala ya zauna. Bai sauko ba sai da telan ya ja ƙofarsa, ya koma gida hannu rabbana, ko riga ɗaya babu. Mai kiɗan shi ne Ustad Badruddin Miyan, tsoho mai gemu ja da lalle, wanda 'ya'yansa duka uku suka zaɓi keken ɗinki.

Mahaifin Bhabatosh Brahmin ne, jinin limaman addininsu, mai tsantseni. Sharaɗi ɗaya ya kafa: a je a koyi kiɗa, amma kada a ci ko loma a gidan Ustad, tunda addini ba ɗaya ba. Bhabatosh ya rantse. A mako na biyu ya share farantin biryani, shinkafa da nama, har da dankalin. Wansa Paritosh ne ya riƙa tarbarsa a tashar jirgi da kanumfari a tafin hannu, ya tauna ya kashe ƙamshin nama kafin su shiga gida. Haka suka yi shekara da shekaru. Mahaifin nasu ya rasu bai sani ba, ko kuma ya sani ya kawar da kai.

Shekara uku Ustad bai ba shi komai ba sai hawa da sauka a kan sauti bakwai. Hau, sauko, hau, sauko. Ranar da ya gamsu, ya sa aka kawo mazarƙwaila da gasasshen wake, ya ɗaura masa jan zare a wuyan hannun dama, ya sa masa loma a baki da hannunsa. Daga ranar ya zama ɗan gida, aka buɗe masa rumbu: gat talatin da ɗaya, kaɗe-kaɗen da Ustad ya gada daga kakansa, kowanne da ragarsa, wato jerin sautukan da ake ɗora shi a kai, da lokacinsa na yini. Shekara goma sha huɗu aka yi ana zuba masa su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba a rubutawa," in ji Ustad. "Ba a ɗauka a na'ura. Ba a ba wanda ba ka ɗaura wa zare ba, ko da shi ya fito da kai daga rijiya. Takarda ba ta da kunne, ɗana. In kuwa ka mutu da su a cikinka, wallahi sai na tare ka a hanya."

Har yau in Bhabatosh zai ambaci sunan tsohon nan sai ya kama kunnensa don girmamawa.

Shi sarod ba shi da tausayi. Wuyansa farantin ƙarfe ne mai santsi kamar madubi, babu wata alama da za ta ce maka ga inda sauti yake, tsarkiyoyinsa kuma waya ce. Hannun dama yana bugu da guntun ɓawon kwakwa. Hannun hagu kuwa da farce yake danna wayar, farcen manuniya da na yatsan tsakiya, su suke zamewa a kan ƙarfen su sa shi magana. Waɗannan farata biyu Bhabatosh ya rena kamar tagwayen da aka samu bayan shekara goma da aure. Kullum da safe sai ya goge su da samfefa ya shafa musu man kwakwa. Hannun hagun nan ba ya buɗe gwangwani, ba ya ɓare lemo, ba ya ɗaukar jakar kasuwa, ko a jirgi cikin aljihu yake. Aikin da ya samu ma a masaƙar buhun rama na rubuta sunayen ma'aikata ne a bakin ƙofa, da hannun dama kaɗai. Matarsa Sabita ta sha faɗa wa maƙwabta, "Iyayena sun ce sun samo mini miji lafiyayye. Ba wanda ya gaya mini hannu ɗaya gare shi."

Sau shida gidan rediyo ya kira shi, duka da sassafe. Sau ɗaya aka gayyace shi babban zaure a Kalkata, a tsakiyar damina. Laima ta sassauta fatar akuyar da ke fuskar sarod, sauti ya kwanta. Da wani ne da ya buga hakanan, wa zai sani? Shi kuwa ya zauna gaban mutum ɗari huɗu yana murɗa kunnuwan sarod yana saurare, minti arba'in cur. Kafin ya gamsu rabin zauren sun tafi kama jirginsu. Waɗanda suka zauna har yanzu suna zancen abin da suka ji, amma ba a sake kiransa ba. Da Sabita ta yi masa ƙorafi cewa ya yi, "Jin kiɗa suka zo ko kama jirgi?"

Koyarwa ita ce ainihin aikinsa. A ɗakin ƙasa na gidansu, kan tabarma, da safe kafin busar masaƙa da kuma duk ranar Lahadi. Sun haura ɗari biyu waɗanda suka zauna a tabarmar nan. Mafi yawa ba sa cika shekara, don shi ma hau-sauko yake ba su har sai sun fara mafarkinsa. Waɗanda suka jure kuwa, a je makarantun da ke bakin kogin nan a tambayi malaman kiɗansu wa ya gyara musu hannu. Amma zare mutum ɗaya tak ya ɗaura wa, Subrata, mai farata kamar na zakara da kunne mai kyau. Gat shida ya karɓa, ya tattara ya tafi Bombay yi wa fina-finai kiɗa. Yana aiko da kati duk sabuwar shekara.

Sai kuma Shefali Kundu. Ungozoma ce a gidan haihuwa na unguwar. Shekararta talatin da ɗaya ranar da ta tsaya a ƙofarsa, ta taso daga aiki, farar rigarta a cikin leda. Ta ce shekara biyu tana zagayowa ta layin nan don ta ji shi, yanzu tana so ta koya.

"Miƙo hannun hagu, uwata," in ji Bhabatosh.

Ta miƙa. An yanke faratan ƙasa-ƙasa har nama ya leƙo.

"Wa ya yi miki wannan ta'asa?"

"Ni, Guruji," in ji ta, kamar yadda ɗalibai suke kiran malaminsu. "Duk bayan kwana uku. Da hannun nan nake tarbar jarirai."

"To ki tara biyu kawai. Biyu. Jaririn ba zai ƙirga ba."

"Uwarsa za ta ƙirga."

Sabita ta fashe da dariya daga madafa. Bhabatosh bai yi dariya ba. Ya ce sarod ba da tsoka ake buga shi ba, ta je ta koyi harmoniya kamar 'yan'uwanta mata. Sabita ta fito da ludayi a hannu.

"Kana ji? Yarinyar nan ita ta karɓi haihuwar jikar yayanka. A gicciye take, ta juya ta. Kai me farcenka ya taɓa juyawa? Ba ta wuri ta zauna."

Ya ba ta wuri, can bakin ƙofa kusa da inda ake tuɓe takalma. Shekara ashirin tana zuwa kowace Lahadi. Shekara ashirin, jama'a! Ya koya mata hau-sauko, ya koya mata raga iri-iri da yadda ake shiga kowacce a fita, amma gat ko ɗaya bai ba ta ba. Lokacin da Subrata yake nan, in za a ba shi nasa sai Bhabatosh ya ce, "Uwata, je ki taya Guruma yanka albasa," wato Sabita, matar malam. In tana bugawa kuwa sai ya juya fuskarsa bango ya rufe ido, wai sautin tsoka yana tayar masa da ciwon haƙori. Ko sau ɗaya bai sake duba hannunta ba. Ita ma dai da nata laifin. Haƙurin da ya wuce shekara biyar ya zama taki ga mai taurin kai.

Da ya cika saba'in da biyu hannunsa ya fara rawa da safe kafin ya sha shayi. Wata rana kuma ya tsaya a tsakiyar gat na goma sha tara ya rasa inda ya dosa, sai da aka kwana biyu kafin ya dawo masa. Abin a fili yake: shida suna Bombay wurin wanda ba a san yana buga su ba, ashirin da biyar suna cikin kan tsoho ɗaya, kan kuma ya fara yoyo.

"Kana ji?" in ji Sabita. "Ka ɗaura wa Shefali zaren nan."

"Ba ta da farce."

"Kai kuma ba ka da shekaru."

"Subrata zai dawo."

"Zai dawo mana. Ranar da kifi ya hau bishiyar mangwaro."

Cikin sanyin shekarar nan Paritosh ya rasu, yana da tamanin ba ɗaya, a kan kujerarsa da jarida a cinya. Bhabatosh ya yi kwana goman makoki yadda ya kamata: ba takalmi, ba kifi, ba aski, dafaffiyar shinkafa da man shanu sau ɗaya a yini, sarod a cikin jakarsa. Rana ta goma, wata Juma'a, mazan gidan suka sauka matakalar bakin kogi don wanzami ya aske su ya yanke musu farce, a fita daga makoki.

Tun fil azal Nitai wanzami ne yake yi wa gidan Lahiri wannan aiki, kuma ya san dawan garin. Lokacin rasuwar mahaifinsu da na mahaifiyarsu, in ya zo kan hannun hagun Bhabatosh sai ya ɗora aska a kan farata biyun nan kawai ya ɗauke. Al'ada ta cika, farce na nan. Amma wannan karon ciwon ƙugu ya kwantar da Nitai, ya turo surukinsa, mutumin kirki daga wani gari, mai saurin hannu, mai son a yaba masa. Bhabatosh na zaune a matakala, ido rufe, ana aske masa kai, zuciyarsa tana can wurin wansa. Aka ɗauki hannun dama, bai ji ba. Aka ɗauki na hagu.

Ƙas. Ƙas.

"Kai, maigida, waɗannan biyun kamar ƙahon ɓauna!" in ji wanzamin yana murmushi. "Amma ga su nan, na gyara maka tas."

Ihun da Bhabatosh ya yi sai da masu jirgin fito suka waiwayo daga tsakiyar kogi. Wanzamin ya yar da aska ya ja da baya har ya taka ruwa, yana tambayar kowa me ya yi. Rabin mutanen suna kama baki, rabi suna danne dariya a wurin da bai kamata a yi ta ba. Bhabatosh ya tsince guntayen daga kan dutse, ya ƙulle a gefen zanensa, ya kai gida.

"Me za ka yi da su?" in ji Sabita. "Shukawa?"

Abin da ya ƙara dagula al'amarin, saura kwana shida ranar tunawa da Ustad. Shekara talatin da takwas bai taɓa fashi ba. Duk ranar da ta zagayo, da hantsi, sai ya zauna a tsakar gida ya buga ɗaya daga cikin gat ɗin gado a gaban jikokin Ustad, waɗanda suke rufe shagunansu su ƙetaro daga Metiabruz.

Ranar Asabar da yamma, bayan baƙin makoki sun watse, ya ciro sarod ya danna waya da tsoka. Abin da ya fito kamar kyanwa a cikin buhu. Cikin minti goma waya ta tsaga masa yatsa. Ya gwada manna tsofaffin faratan da gam, bugu ɗaya na farkon ya yi tsalle ya faɗa kofin shayi. Sai ya kira Subrata a waya.

"Guruji, na taɓa ƙafarka! Ranar Alhamis? Kash, ina da ɗaukar sauti. Kuma tsakani da gaskiya, gat ɗin nan, farkonsu kawai nake iya tunawa."

Bhabatosh ya ajiye wayar a hankali. Sabita ta yi masa wani kallo da ya fi zagi.

Lahadi Shefali ta zo kamar kullum, ta ga tsumma a yatsansa. Ungozoma ba ta neman izini. Ta kama hannun, ta kwance, ta yi tsaki.

"Wa ya ɗaure wannan? Kamar an naɗe kifi a kasuwa."

"Ni na ɗaure."

"Ya nuna."

Tana wanke ciwon sai ya ji wani abu mai tauri yana kartar tafin hannunsa. Ya duba. Kan yatsunta biyu ne. Sun yi kanta, baƙi-baƙi, tauri kamar diddigen mai jan keke, da wata 'yar hanya da waya ta haƙa daidai inda nama ya haɗu da guntun farce.

"Mene ne wannan?"

"Shekara ashirin ce, Guruji."

"Ba ya ciwo?"

"Shekara ukun farko jini yake yi, safar hannu biyu nake sawa a wurin aiki. Daga baya na gane in na kwantar da yatsan haka, sai waya ta zauna a bakin guntun farcen, kantar ta tokare ta. Ba sai ya yi tsawo ba. Ka gani?"

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Bango kake kallo."

"Ta gaya maka!" in ji Sabita daga madafa.

Ya ce ta ɗauki sarod ta shiga ragar Bhairabi. Wannan karon bai juya ba. Sautin ba irin nasa ba ne, ya fi kauri, ba shi da kaifin nan da yake alfahari da shi. Amma tas yake, in ta zame daga ƙasa zuwa sama ba ya yankewa a hanya, kuma akwai wani wuri da ta ɗan jira kafin ta sauka wanda bai tuna ya koya wa kowa ba. Da ta gama, kun san abin da bawan Allahn nan ya ce?

"Sautinki na uku ya ɗan yi ƙasa. Ki gaida gida."

Shi ke nan. Ta naɗe sarod ɗinta ta tafi. Sabita ta dire masa farantin shinkafa da ƙarfin da sai da miya ta fantsama.

Litinin tun da safe yake kwantar da yatsa yadda Shefali ta nuna. Bai yiwu ba. Fatar yatsun da suka shekara hamsin a aljihu laushi gare ta kamar ta jariri, kanta kuma ba a yin ta a kwana uku. Ya ajiye sarod ya daɗe yana kallon hoton Ustad da ke rataye. Da rana ta take ya yafa mayafi a kan ƙwaryar kansa, ya fita.

A gidan haihuwa benci ɗaya ne a baranda, cike da masu ciki da surukansu. Ya matsa ya zauna a tsakiyarsu. Wata tsohuwa mai taunar ganye ta dube shi sama da ƙasa.

"Kaka, wata nawa ne?"

"Shekara arba'in," in ji shi. "Kuma talatin da ɗaya ne a ciki."

Matan suka kwashe da dariya har wata ta riƙe mara tana roƙon a daina. Hayaniyar ce ta fito da Shefali, da safar hannu.

"Guruji! Guruma ce ba lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau, bakinta ma ya fi na kullum. Gobe ƙarfe shida ki zo da mazarƙwaila da gasasshen wake."

Shefali ta tsaya kamar an dasa ta.

"Kin kurumce ne, uwata?"

"Farcen fa, Guruji?"

"Wa ya yi miki zancen farce? Kullum sai kin kawo maganar da ba a yi ba."

Ta buɗe baki, daga ciki aka ƙwala kira, "Shefali, kai ya fito!" Ta juya a guje, tana share ido da kafaɗa.

Ranar Talata Shefali ta zo da wanka da sabon zanen sari. Sabita ta sa wa hoton Ustad furanni. Bhabatosh ya ciro jan zare, ya kama wuyan hannunta na dama, zai ƙulla ke nan ta ce da ƙaramar murya, "Guruji, ba a barin zare a wuyan hannu a ɗakin haihuwa."

Ya saki hannun. "Farce babu, zare babu! Me ake bari a ɗakin nan naku? Kai ma cirewa kuke yi a bakin ƙofa?"

Sabita ta tura hannun rigar Shefali sama. "Ɗaura a damtse, riga ta rufe. Ko damtsen ma akwai abin da ya rasa?"

Ya ɗaura a damtse, yana kama kunne yana neman afuwar Ustad ƙasa-ƙasa. Ya sa mata mazarƙwaila da wake a baki, ta taɓa ƙafarsa. Sai ya nuna mata tsakiyar tabarma, ya waiwaya ya dubi matarsa.

"Ke, tashi. Ba ki da zare."

"Ni? Shekara arba'in da biyar ina jin su ta bango!"

"Ji daban, bayarwa daban."

Sabita ta tashi tana faɗa, har ta kai madafa ba ta sauke ba. Amma ranar ta soya luci, wainar fulawa, abin da ba ta yi sai ranar biki.

Tunda ba ya iya bugawa, da baki ya ba ta. Yana rerawa da muryarsa mai kama da tsohuwar ƙofa, yana buga gwiwa, tana ɗauka layi-layi. Shefali ta karɓi hutun kwana biyu, irinsa na farko cikin shekara shida. Inda Subrata kan yi wata guda, ita zuwa yammacin Laraba gat na farko ya zauna a hannunta, don duk abin da ake bukata a ƙarƙashinsa ta riga ta gina shi a bakin ƙofa.

Alhamis da hantsi teloli suka iso da tukunyar biryani. Maƙwabta suka cika tsakar gida, wasu a kan katanga. Shefali ta zauna a tsakiya, Bhabatosh a gefenta da yatsa a naɗe. Ta fara lafiya. A juyi na biyu ta ɓata, ta bi wata hanyar daban. Bhabatosh bai yi kara ba, ya ɗaga murya ya rera layin a gaban kowa, ta kama, ta dawo, ta kai shi har ƙarshe. Da ta sauke hannu sai Anwar Miyan, babban jikan Ustad, tela mai furfura, ya gyara murya.

"Kiɗan kakanmu ne, babu shakka. Amma nasa ya fi kaifi."

"Kai ma ɗinkin ubanka ya fi naka," in ji Bhabatosh. "Mun taɓa yi maka magana?"

'Yan'uwan Anwar suka fi kowa dariya. Aka buɗe tukunya.

Farata sun sake tsirowa bayan wata uku, amma rawar hannu ba ta tafi ba, don haka yawanci da baki ya ci gaba. Kullum ƙarfe shida, kafin ta wuce aiki. Wani gat ɗin mako biyu, wani wata huɗu. Na goma sha tara ya sake ɓace masa, suka tsallake shi, bayan wata bakwai ya dawo masa a layin mai kifi, ya bar jaka a nan ya taho gida da sauri yana rerawa don kada ya zube a hanya. Ranar Lahadi kuwa ita ta karɓi sababbin ɗalibai a kan tabarmarsa, yana zaune a kujera yana gyara mata gyaranta. Yanzu su goma sha biyu ne, har da nas biyu da wata mai dafa abinci a makaranta, kuma hau-sauko take ba su ba sassauci. Ashe taurin kai ma ana gadonsa ta zare.

Shekara biyar da wata biyu aka yi. Wata safiyar Laraba ta buga na talatin da ɗaya daga farko har ƙarshe, bai tsayar da ita ba ko sau ɗaya. Ta ajiye ɓawon kwakwa.

"Sun cika, Guruji?"

Ya ƙirga a gaɓoɓin yatsunsa, ya sake ƙirgawa. "Sun cika. Babu sauran ko ɗaya a wurina da ba ya wurinki."

Sabita, wadda take laɓe a bayan ƙofa duk da ba ta da zare, ta shigo da farantin alawar sandesh. Likita ya hana shi zaƙi. Ya ci biyu, ba ta hana shi ba. Shefali ta taɓa ƙafarsa ta taɓa ta Sabita, ta sa sarod a jaka, ta nufi takalmanta.

"Gobe ƙarfe shida," in ji Bhabatosh.

Ta juyo. "Me ya rage?"

"Na farko. Na ji ki ranar Lahadi, kin lanƙwasa masa wuya a juyi na biyu. Daga farko za mu koma."

Shefali ta dubi Sabita. Sabita ta ɗage kafaɗa tana tattara faranti.

"Kada ki kalle ni. Da ƙafarki kika zo."

"Shida da rabi, Guruji," in ji Shefali. "Akwai mai tagwaye da zan fara dubawa."